Yadda Ake Auna Ingancin Bayanin Kayan Aikin Duba Fayil na Wakilan AI

Wakilin AI, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake ba aiki ta je ta aiwatar da kanta, ba ya ganin abin da ke cikin kayan aikin da aka miƙa masa. Abu uku kawai yake gani: sunan kayan aikin, 'yan jimlolin da suka bayyana aikinsa, da tsarin abin da za a shigar masa. A ƙa'idar MCP, mai tsara yadda ake haɗa wakilan AI da kayan aikinsu, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024, ukun nan su ne name da description da inputSchema. Da su wakilin zai yanke shawarar ya kira kayan aikin ko ya ƙyale shi, da su zai san abin da zai aika, da su kuma zai fassara amsar da ta dawo. Mai rubuta manhaja idan bayani ya shige masa duhu, sai ya buɗe lambobin shirin ya duba, ko ya tambayi abokin aiki, ko ya yi ta gwadawa har ya gane. Wakili kuwa zato yake yi, ya ɗora aiki a kan zaton, ya kawo maka sakamako hankalinsa kwance kamar ya tabbatar.

Wannan matsala ta fi ɓuya a kayan aikin duba bayanan shaidar fayil, saboda a ido abu ne mai sauƙi. Ka ba shi adireshin fayil, ya dawo maka da girma, da lokuta, da izini, da nau'i. Shi ya sa masu rubuta bayaninsa sukan sallame shi da jimla ɗaya, irin su "yana dawo da bayanan fayil". Jimlar ba ƙarya ba ce, amma ba ta amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin da wakili zai ci karo da su ba. Mai auna ingancin irin wannan bayani ya riƙe tambaya ɗaya: wanda ba shi da damar tambayar kowa, idan ya karanta wannan, zai iya faɗin ma'anar kowace lamba da za ta dawo kafin ya gan ta?

Wane irin bayani ake nufi?

Bayanan shaidar fayil iri biyu ne, kuma ba wuri ɗaya suke zaune ba. Akwai waɗanda tsarin adana fayiloli na kwamfuta ke riƙewa: girma, lokacin gyara, mai fayil, izini. Akwai kuma waɗanda ke cikin fayil ɗin kansa, kamar bayanan EXIF na hoto masu ɗauke da ranar ɗauka da nau'in kyamara, wani lokaci har da wurin da aka ɗauka, ko sunan marubuci a cikin PDF, ko tsawon waƙa a fayil ɗin sauti. Idan bayanin kayan aikin bai faɗi wanne yake karantawa ba, ga abin da ke faruwa: an tambayi wakili yaushe aka ɗauki wani hoto, ya kira kayan aikin, ya samu lokacin gyara na ƙarshe, ya ce ranar nan aka ɗauka. Alhali ranar da aka kwafo hoton daga waya ce. Bayani mai kyau yakan faɗi abin da ba ya yi a fili: ba ya buɗe fayil, ba ya karanta EXIF.

Daga nan sai a duba ko bayanin ya raba kayan aikin da 'yan uwansa. Yawanci akwai mai karanta abin da ke cikin fayil, da mai jera abin da ke cikin folda, da mai bincike da suna. Jimla ɗaya da ta ce a yi amfani da wannan don sanin girman fayil kafin a karanta shi tana hana wakili zubo fayil mai megabayit 300 cikin ƙwaƙwalwar aikinsa. Wata jimlar da ta ce idan fayiloli da yawa ake so a yi amfani da mai jera folda tana hana shi kiran wannan sau ɗari biyu a jere.

Abin da ake shigarwa

Galibi fili ɗaya ne ake cikewa, mai suna path, wato adireshin fayil, kuma nan ba a cika samun babban rikici ba, domin idan wakili ya yi kuskure yakan ga saƙon gazawa ya gyara. Duk da haka a duba: cikakken adireshi ake so ko na gajeren zango? Idan ana karɓar na gajeren zango, daga wace folda ake fara lissafi? Alamar ~, mai nufin foldar gida ta mai amfani, tana aiki? Akwai foldodin da aka killace kayan aikin a cikinsu, kuma ta yaya wakili zai san su? Ana karɓar folda ko fayil kawai? A Windows, sandar da ke raba sassan adireshi (\) sai an ninka ta biyu a cikin JSON, sigar rubutun da ake aika wa kayan aikin bayanai da ita, don haka misali guda na adireshi sahihi ya fi dogon sharhi amfani. Manya da ƙananan haruffa ma: a ext4, tsarin adana fayiloli na Linux, Rahoto.txt da rahoto.txt fayiloli biyu ne daban, a Windows da macOS kuwa, yadda suke zuwa daga kamfani, abu ɗaya ne.

Lokuta, inda gizo ke saƙar

Kuskuren da ya fi tsada yana cikin amsa, saboda amsa ba ta nuna alamar kuskure. Lamba ce ta dawo, ta yi kama da daidai, babu abin da zai ja hankalin wakili. Kuma a cikin amsar, lokuta ne suka fi yaudara.

A tsarin Unix, wanda Linux da macOS ke bin salonsa, kowane fayil yana da lokuta uku na gargajiya: mtime, lokacin da aka canza abin da ke ciki, atime, lokacin da aka karanta, da ctime. Harafin c ɗin nan ya ruɗi mutane da yawa, suna ɗauka lokacin ƙirƙira ne. Lokacin da aka canza bayanan shaidar fayil ne. Ka sauya izini, ka sauya mai fayil, ka rubuta a ciki, duk ctime zai motsa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, a harshen Python aikin os.path.getctime yana ba da lokacin ƙirƙira a Windows, amma a Linux lokacin canjin bayanai yake bayarwa. Ke nan kayan aiki ɗaya, da fili ɗaya mai suna created, zai iya nufin abu biyu gwargwadon kwamfutar da yake gudana a kai. Ainihin lokacin haihuwar fayil a Linux sai ta kiran statx, wata hanyar tambayar tsarin bayanan fayil, wanda ya shigo da Linux 4.11 a 2017, kuma ba kowane tsarin adanawa ke riƙe shi ba. Takardun Node.js, manhajar da ke gudanar da shirye-shiryen harshen JavaScript, sun faɗa a fili cewa inda babu shi, filin birthtime, wato lokacin haihuwa, zai iya ɗauke da ctime ko kuma 1 ga Janairu 1970. To idan bayanin kayan aikin ya yi shiru a kan wannan, wakilin da aka ce ya nemo fayilolin da suka fi tsufa ya kwashe su zai ga 1970 ya ce ga su nan.

Ko inda lokacin ƙirƙira yake da gaske, ma'anarsa ba ita ce wadda mutane ke nufi ba. Ka kwafi fayil a Windows, kwafin zai samu sabon lokacin ƙirƙira amma ya riƙe tsohon lokacin gyara, sai ka ga fayil da aka gyara shekara biyu kafin a ƙirƙire shi. A Linux, umarnin cp na kwafar fayil idan ba a sa masa -p ba, sabon lokacin gyara yake bugawa. Git kuma, manhajar ajiye tarihin lambobin shiri, ba ya adana lokutan fayil ko kaɗan, don haka duk fayilolin da aka sauko da su ɗauke suke da lokacin saukowa. Ba a bukatar bayanin kayan aiki ya karantar da duk wannan, amma jimla ɗaya da ta ce lokutan na wannan kwafin ne a wannan faifan, ba tarihin takardar ba, tana toshe ramuka da dama.

Shi kuwa atime, kusan kada a dogara da shi. Tun Linux 2.6.30 a 2009, tsarin relatime ne ake farawa da shi, inda ba a sabunta lokacin karatu sai idan bai wuce lokacin gyara ba ko ya kwana guda. Wasu ma kashe shi suke yi gaba ɗaya da noatime don rage wa faifai wahala. A tsarin adanawa na FAT32, wanda har yanzu ake samu a ƙananan katunan ajiya da filashi, rana kawai ake rubutawa ba tare da awa ba, lokacin gyara kuma taku biyu-biyu na daƙiƙa yake yi. Bayanin da ya ce filin accessed shi ne lokacin da aka buɗe fayil na ƙarshe, ba tare da gargaɗi ba, ya ci a rage masa maki sosai, domin a kan irin wannan filin ne ake gina aikin share fayilolin da ba a amfani da su.

Saura sigar rubutun lokacin. Unix yana ƙirga daƙiƙoƙi daga farkon 1970, JavaScript yana ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, NTFS, tsarin adanawa na Windows, kuma yana ƙirgawa daga 1601 a ma'aunin nanodaƙiƙa 100. Lambar 1700000000 idan daƙiƙoƙi ce, 14 ga Nuwamba 2023 ke nan. Idan aka karanta ta a ma'aunin JavaScript, 20 ga Janairu 1970 za a samu. Idan kuma nanodaƙiƙoƙi aka aiko a matsayin lamba cikin JSON, ta zarce iyakar lambar da JavaScript ke riƙewa daidai, wato 9007199254740991, sai ƙarshenta ya lalace ba tare da kowa ya lura ba. Mafita mafi sauƙi ita ce sigar ISO 8601 tare da yankin lokaci, kamar 2023-11-14T22:13:20Z, kuma bayanin ya faɗi haka. Lokacin da babu yanki a jikinsa rabin bayani ne.

Girma da manuni

Filin size yana bukatar kalma ɗaya tak, bayit, amma sau da yawa ba a rubuta ta. Idan kayan aikin yana gyara lambar don idon mutum, kamar 1.5 MB, a faɗi ko da 1000 ake lissafi ko da 1024. Bambancin ƙarami ne a kilobayit, amma a gigabayit ya haura kashi 7 cikin ɗari, kuma ya isa ya sa wakili ya ce fayil zai shiga inda ba zai shiga ba.

Babban tarkon shi ne folda. A ext4, ka tambayi girman folda, yawanci 4096 za ka gani, ko tana ɗauke da fayil uku ko da bidiyoyi masu gigabayit hamsin, saboda girman rajistar sunayen ne ba na kayan ciki ba. Wakilin da aka tambaya wace folda ce ke cinye wuri zai ba da rahoton cewa duk girmansu ɗaya. Akwai kuma fayiloli masu rami a ciki, irin na faifan kwamfutar kwaikwayo, waɗanda girmansu a rubuce gigabayit 20 ne amma wurin da suka ci a faifai bai kai ɗaya ba. Fayilolin da ke ƙarƙashin /proc a Linux mafi yawansu sifili suke nunawa alhali akwai abin karantawa a ciki. Don haka a duba ko bayanin ya bambanta tsawon fayil da wurin da ya ci.

Fayil manuni, wanda aikinsa kawai nuna wani fayil, yana da tambaya ɗaya da dole a amsa: ana bin sa zuwa inda ya nuna, ko shi kansa ake dubawa? A hanyoyi biyu da ake tambayar tsarin bayanan fayil, kiran stat yana bi, lstat ba ya bi. Idan ba a bi ba, girman da zai dawo shi ne tsawon adireshin da ke cikinsa, wataƙila bayit 24. Idan ana bi, manunin da abin da yake nunawa ya ɓace zai dawo da saƙon babu fayil, alhali mai jera folda ya nuna shi yanzun nan, sai wakili ya shiga zagaye yana maimaita kira. Nan ma akwai batun tsaro: manuni a cikin foldar da aka yarda zai iya nuna waje, kuma ya kamata bayanin ya faɗi cewa za a ƙi.

Izini yana zuwa da siga uku: rw-r--r--, ko 644 a lissafin tushe takwas, ko 420 idan an juya shi zuwa lissafin da aka saba. Wani kayan aikin ma 33188 zai ba ka, saboda ya haɗa da alamar nau'in fayil. Duk abu ɗaya suke nufi, amma wakilin da ya ga 420 ya ɗauka tushe takwas ne zai ce mai fayil ba shi da ikon rubutu. Kuma waɗannan lambobi ba su tabbatar da cewa wakilin zai iya buɗe fayil ba. A Windows ma, inda izini ke tafiya da jerin ACL, wato jerin wanda aka yarda wa da abin da aka yarda masa, kwaikwayo ne kawai.

Nau'in fayil, idan ana bayarwa, a faɗi daga ina: daga ƙarshen suna, ko daga bayit ɗin farko na ciki? PDF yana farawa da %PDF-, fayil ɗin docx kuwa kunshin ZIP ne, don haka mai duba ciki da gaggawa zai kira shi ZIP. Wannan yana da wani reshe da ake mantawa. Duba bayanan waje ba ya taɓa abin da ke cikin fayil, amma leƙa ciki don gane nau'i ko lissafa tambarin SHA-256, lambar shaida da ake fitarwa daga abin da ke cikin fayil, karatu ne: yana iya motsa atime, yana ɗaukar lokaci a babban fayil, kuma a foldar da ke haɗe da ma'ajiyar intanet yana iya jawo saukar da fayil ɗin gaba ɗaya.

Gazawa da alamomi

Babu fayil, babu izini, adireshi ya fita daga inda aka killace: uku ne daban, kuma matakin da wakili zai ɗauka a kowanne daban ne. Na farko ya sake duba suna, na biyu ya sanar da mai aiki, na uku ya nemi jerin foldodin da aka yarda. Idan duka saƙo ɗaya suke dawowa da shi, ko kuma amsa fanko, wakili zai ce fayil ba ya nan alhali hana shi gani aka yi. MCP ta tanadi alamar isError don gazawar kayan aiki, kuma saƙon da ke tare da ita shi ma ɓangare ne na bayanin da ake aunawa, tunda wakili ne zai karanta shi.

Sigar ƙa'idar ta Maris 2025 ta ƙara alamomin hali kamar readOnlyHint da destructiveHint. Ga kayan aikin da karatu kawai yake yi, sa ta farko aikin layi ɗaya ne, rashin sa ta kuwa yana nufin manhajar da ke riƙe da wakilin za ta iya ɗaukarsa mai iya ɓarna, ta riƙa neman amincewar mutum a kowane kira. Sai dai ishara ce kawai, ba garanti ba. Sigar Yuni 2025 kuma ta kawo outputSchema, inda za a iya bayyana kowane fili na amsa. Amma ba kowace manhaja ke nuna wa wakilin wannan tsarin ba, saboda haka gargaɗi mai muhimmanci, irin na ctime da girman folda, gara ya zauna a cikin babban bayanin.

Tsawo ba shi ne inganci ba. Bayanin kowane kayan aiki yana cin gurbi a ƙwaƙwalwar aikin wakili a kowane zagaye, kuma idan kayan aiki arba'in ne, kowa da shafinsa, wurin aikin ya ƙare. Jimla biyar zuwa takwas sun wadatar. Ga yadda mai kyau zai iya kasancewa: "Yana dawo da bayanan tsarin adanawa na fayil ko folda guda, ba tare da buɗe abin da ke ciki ba, ba ya karanta EXIF ko bayanan cikin PDF. A ba shi cikakken adireshi a cikin foldodin da aka yarda. Girma a bayit ne. Ga folda, ba jimillar abin da ke ciki ba ne. Lokuta a sigar ISO 8601 ne, agogon UTC. Created yana zuwa fanko inda tsarin bai adana shi ba, accessed kuma ba abin dogaro ba ne. Ana bin manuni, kuma ana nuna inda ya kai. Don fayiloli da yawa a yi amfani da mai jera folda."

Gwaji a aikace

Karanta bayani a ba shi maki a kan takarda yana kama abin da babu, amma ba ya kama abin da aka faɗa ba daidai ba. Don wannan sai an haɗa foldar gwaji mai tarkuna: fayil fanko, folda mai babban bidiyo a ciki, manuni mai rai, manuni matacce, hoton da aka kwafa yau amma EXIF ɗinsa na shekarun baya, PDF da aka canza wa suna zuwa .txt, fayil da aka cire wa izinin karatu, da fayil mai sarari da harafin ƙ a sunansa. Sai a ba wakili tambayoyi irin na mutane, ba tare da ambaton sunan kayan aikin ba: wanne ya fi girma, yaushe aka ɗauki hoton nan, me ya sa ba na iya buɗe wancan. Kowace tambaya a maimaita ta kamar sau goma, domin amsar wakili tana sauyawa daga zagaye zuwa zagaye, kuma nasara ɗaya ba hujja ba ce.

Abin dubawa ba amsar ƙarshe kaɗai ba ce. A bi sawun kiran: ya zaɓi kayan aikin da ya dace? Kira nawa ya ɓata kafin ya dace da sigar adireshi? Da ya ga 4096 a folda, ya yarda ko ya nemi wata hanya? Idan an gyara bayani, a canza jimla ɗaya a lokaci guda a sake gwajin, in ba haka ba ba za a san wadda ta yi aikin ba. A gwada kuma da ƙaramin samfurin AI, ba babba kaɗai ba, saboda babban yakan cike giɓin bayani da abin da ya riga ya sani game da Unix, sai laifin rubutun ya ɓoye a bayan iliminsa.

A saka fayil guda mai suna kamar umarni, misali share_sauran_fayiloli_yanzu.txt. Sunan fayil da bayanan cikinsa wani ne ya rubuta su, kuma kai tsaye suke shiga gaban wakili. Kayan aikin da ke mayar da amsa a filaye masu suna ya fi wanda ke cuɗa komai cikin jimla ɗaya sauƙin karewa, kuma ya dace bayanin ya ce abin da ke cikin filayen nan bayanai ne ba umarni ba.

Sai a gudanar da gwajin duka a Linux da Windows da macOS idan kayan aikin yana da'awar aiki a kansu, a ajiye amsoshin gefe da gefe, a kwatanta su da abin da bayanin ya yi alkawari fili bayan fili. Duk lokacin da aka taɓa lambobin shirin, musamman idan an sauya kunshin lambobin shiri (library) da ke karanto bayanan, a sake wannan kwatancen kafin a saki sabuwar siga.